HAƘƘIN ABOKIN DAGA: NASIHA A KAN ZAMAN TSOFAFFIN SOJOJI

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa a kan ni'imar Musulunci da ni'imar kwana lafiya a cikin gidajenmu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Tanda da Gaya da sauran garuruwan bakin kogi, nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi waɗansu bayin Allah da ke tsayawa tare da mu a sahu, amma ba kasafai ake ambatonsu a kan mumbari ba. Su ne tsofaffin sojoji, waɗanda 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira 'yan mazan jiya. Kowa ya san halinsu, ba su yarda su rabu da juna. In ɗayansu ya yi rashi, kafin a ɗauki gawa za ka ga sauran sun iso. In lokacin karɓar fansho ya yi, ko an zo bikin 3 ga Agusta ko na 18 ga Disamba, sai su nemi inuwa guda su zauna, wannan yana kiran wancan da muƙaminsa na da, sarsan wane, lajidan wane, su shiga labarin bariki da na fagen daga, labarin da iyalansu sun ji har sun haddace. Waɗansu mutane suna ɗaukar wannan zama hirar tsofaffi ce kawai. Waɗansu kuma, musamman samari masu zafin wa'azi, suna ganin bai kamata Musulmi ya riƙa tunawa da hidimar da aka yi wa Nasara ba. To, mene ne matsayin wannan zama a addini, kuma wane haƙƙi ne ya rataya a wuyan jama'ar masallaci game da masu yin sa?

Kafin hukunci, ya kamata mu san ko su wane ne. A shekarar 1857 Faransawa suka kafa rundunar baƙar fata a Senegal, kuma ko da yake sunan Senegal ta ci gaba da ɗauka, daga baya ta tattara samari daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, har da tamu. Daga 1919 aka mai da ɗaukar soja doka: a tara samari, likita ya duba su, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa a kansa ya tafi shekara 3. Ba shawara ake yi da uwa ko uba ba. Mutane da yawa sun tsallaka Nijeriya don gudun wannan ɗauka da aikin tilas. Waɗanda suka tafi kuwa, sun ga yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, kuma sojojin Afirka suna cikin rundunar da ta fara sauka a gaɓar kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta 1944 don korar Jamusawa. Bayan nan aka kai na bayansu Indoshin, inda ƙasar Biyetnam take a yau, daga 1946 zuwa 1954, sannan Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Marigayi Janar Saini Kunce, wanda ya shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987, shi kansa a rundunar Faransa ya fara aikin soja. A can ɗaya gefen iyaka, wajen Kamba da Birnin Kabi har zuwa Kano, Ingilishi suka ɗebi nasu samarin zuwa yaƙin Bama, shi ya sa har yanzu waɗansu barikokin Nijeriya ke ɗauke da sunayen da aka samo daga wancan yaƙi.

Wannan tsara ta kusa ƙarewa. Wanda ya shekara 20 a 1945 ya cika 100 a 2025, wanda aka kai Aljeriya yana saurayi a 1960 ya haura 80. Galibin waɗanda muke gani yanzu 'ya'yan rundunar Nijar ne, wadda aka kafa a 1961: waɗanda suka yi tsaron iyakoki da hamada, da waɗanda aka tura Saudiyya lokacin rikicin Kuwaiti a 1990, da waɗanda suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kodibuwa da Mali, da waɗanda suka fuskanci Boko Haram a jihar Difa.

Mu fara da abin da ya fi nauyi. Ba mu daidaita yaƙin Faransa a Indoshin ko Aljeriya da Badar ko Uhudu ba, kuma babu mai ilimin da zai daidaita su. Mutanen Aljeriya Musulmi ne masu neman 'yancin ƙasarsu, wannan gaskiya ce, ba a rufe ta don a faranta wa kowa rai. Amma akwai wata gaskiyar kusa da ita. Nana A'isha (R.A) ta taɓa tambayar Manzon Allah (S.A.W) game da wata runduna da ƙasa za ta haɗiye gaba ɗaya alhali a cikinta akwai waɗanda ba su da hannu a nufinta, ya sanar da ita cewa za a tashi kowa a kan niyyarsa. Saurayin da ƙuri'a ta faɗa wa, aka sa shi a jirgin ruwa bai san inda ya dosa ba, hisabinsa yana ga wanda ya san abin da ke cikin ƙiraza. Wanda ya san hannunsa ya taɓa haram, ƙofar tuba a buɗe take gare shi. Mu dai ba a naɗa mu alƙalai a kan tsoho mai furfura da ke rigan mu zuwa sallar asuba ba. Sa'an nan kuma a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 36, inda Allah Maɗaukakin Sarki ya jera waɗanda za a kyautata wa, ya ambaci abokin da ke gefen mutum, kuma da yawa daga malaman tafsiri sun ce abokin tafiya ne. Ayar ba ta sa sharaɗin irin tafiyar ba. Wanda ya raba maka ruwan gorarsa a cikin rami, ko ya ɗauke ka a kafaɗa da rauni, haƙƙinsa ya tabbata a kanka ko da sarkin da ya aike ku azzalumi ne.

Game da zama a tuna abin da ya wuce kuwa, sahabbai sun yi shi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabiru ɗan Samura (R.A) cewa bayan sallar asuba sukan zauna suna labarin abubuwan da suka yi a zamanin jahiliyya, suna dariya, Annabi (S.A.W) yana murmushi. A lura, labarin jahiliyya ne ma, bai hana su ba. Imamul Buhari kuma ya ware babi guda a kan mutum ya ba da labarin yaƙin da ya halarta, ya kawo a cikinsa cewa Ɗalha ɗan Ubaidullahi (R.A) yakan ba da labarin ranar Uhudu. Da ba don irin wannan ba, da ba mu san sira ba. Saboda haka asalin zaman halas ne, har ma yana iya zama ibada idan aka yi tattaki don Allah, domin ya zo a hadisi cewa wani mutum ya nufi wani gari don ziyarar ɗan'uwansa, ba don wata bukata ta duniya ba, Allah ya aiko mala'ika ya tare shi a hanya ya yi masa bushara da ƙaunar Allah. Tsohon da ya biya kuɗin mota daga ɗan abin da ya karɓa don ya je ya duba abokinsa a Doso ko a Dogonduci, muna fata ya shiga cikin wannan bushara.

Sai dai harshe yana da santsi, labarin yaƙi kuwa ya fi kowane labari jan mutum zuwa ga ƙari. Ku saurari abin da ya faru ga Abu Musal Ash'ari (R.A). Ya ba da labarin wata fita da suka yi su 6 da raƙumi ɗaya suna karɓa-karɓa, har ƙafafunsu suka tsattsage, faratansa suka zube, suka riƙa naɗe ƙafafun da tsummoki. Da ya gama sai ya ji ba daɗi, ya yi da-na-sanin faɗa, don tsoron kada ya zama ya tallata aikin da ya yi domin Allah. Gaskiya ya faɗa, bai ƙara ko kalma ba, amma duk da haka ya ji tsoro. Ina ga wanda duk shekara adadin abokan gaban da ya kayar sai ya ƙaru? Mun kuwa sani cewa daga cikin mutanen farko da za a yi wa hisabi ranar alƙiyama akwai wanda ya yi yaƙi har aka kashe shi don kawai a ce jarumi ne. Lambar girma a ƙirji ba laifi ba ce, shaida ce ta wahalar da aka sha, amma ba ita za a auna ba. Ba sai mun tsawaita a kan giya da caca ba, waɗanda zaman bariki ya koya wa wasu: taron da aka kawo kwalba ya fita daga abin da muke magana a kansa.

Akwai kuma tunawar da ke tayar da tsohon miki. Malaman sira sun kawo cewa wani maƙiyin Musulunci a Madina ya ga mutanen Ausu da Hazraju zaune wuri ɗaya suna hira, abin ya ɓata masa rai, sai ya tura wani yaro ya tuna musu da ranar Bu'asu, yaƙin da suka gwabza kafin hijira. Nan da nan aka fara gori, aka kai ga kiran makamai, sai da Manzon Allah (S.A.W) ya fito da kansa ya tsawata musu, suka rungumi juna suna kuka. Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa bukatar wannan darasi. A ƙarshen 1963 rikici ya tashi tsakanin Nijar da Dahome, wato Benin ta yau, wanda tsibirin Lete da ke nan kusa da mu yana cikin dalilansa. Aka kori ma'aikata, aka rufe iyaka, aka jibge sojoji a gefe biyu na kogi, alhali manyansu duka a runduna ɗaya suka koyi riƙon bindiga. Allah ya kiyaye ba a gwabza ba, maganar kuma ba ta mutu ba sai ranar 12 ga Yuli 2005, da kotun duniya ta yanke hukunci ta ba Nijar tsibirin. Mutanen Malanbil da Karimama surukanmu ne, abokan kasuwarmu ne, alƙiblarmu ɗaya. Tsohon sojan da ke ba jikokinsa labarin waɗannan kwanaki ya duba da kyau abin da yake shukawa a zukatansu.

Waɗansu kuma ba su ba da labari ko kaɗan. Su ne suke zama a gefen taro shiru, su ne matansu suka san ba su barci, suna firgita cikin dare. Kada a yi musu dariya, kada kuma a yi gaggawar cewa aljanu ne. Usamatu ɗan Zaidu (R.A), wanda Annabi (S.A.W) yake ƙauna, ya kashe wani mutum a fagen daga bayan mutumin ya furta kalmar shahada, yana zaton tsoron takobi ne ya sa shi. Annabi (S.A.W) ya yi ta maimaita masa tambaya a kan haka har Usamatu ya yi burin a ce sai a ranar ya musulunta, kuma abin bai bar zuciyarsa ba, shi ya sa ya ƙi sa hannu a yaƙe-yaƙen da suka auku tsakanin Musulmi daga baya. Idan sahabi ya ɗauki irin wannan kaya, ba abin kunya ba ne ga waninsa. Likitoci sun san wannan ciwo kuma suna da taimakon da suke bayarwa, neman magani kuwa sunna ce. Amma sau da yawa mutumin ba ya buɗe bakinsa sai ga wanda suka kwana rami ɗaya. Ko don wannan kaɗai bai kamata a raina zamansu ba.

To, ya 'yan'uwa, da me za a gane zaman da Allah ya sa wa albarka? A ganinmu, da inda labarin ya ƙare. In ya ƙare a inuwar da aka fara shi, aka watse sai baɗi, hira ce. In ya tashi ya taka har ƙofar gidan wanda ba ya nan, ya zama zumunci. An kawo wa Abdurrahman ɗan Aufu (R.A) abinci yana azumi, a lokacin da duniya ta buɗe masa, sai ya tuna da Mus'abu ɗan Umairu wanda aka kashe a Uhudu ba a sami likkafanin da zai rufe shi duka ba, in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Ya yi ta kuka har ya bar abincin. Shi kansa Manzon Allah (S.A.W) ya fita ya yi wa shahidan Uhudu addu'a bayan shekara 8, kamar mai bankwana. Bai kuma tsaya ga addu'a ba. Abdullahi, mahaifin Jabiru, ya faɗi a Uhudu ya bar 'ya'ya mata da yawa da bashi mai nauyi. Annabi (S.A.W) ya taka da ƙafarsa zuwa gonar dabinon Jabiru, ya tsaya a kan awo har aka sallami masu bin bashi. Dalili kuwa, ya tabbata a hadisi cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi. Wanda ke son abokinsa da ya kwanta dama, ya fara tambaya ko akwai mai bin sa.

Sayyidina Umar (R.A) ya mai da wannan aikin hukuma. Da ya kafa diwani ya rubuta sunayen mutane, ya yanka wa kowane mutumin Badar dirhami 5,000. Wata rana a kasuwa wata matashiya ta tare shi ta ce mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana, ba gona ba dabba, ta kuma ambaci cewa ita 'yar Hufafu ce na ƙabilar Gifar, wanda ya halarci Hudaibiyya. Umar bai ce ta dawo gobe ba. Ya kama raƙumi ƙaƙƙarfa, ya ɗora masa buhu biyu na abinci, ya sa kuɗi da tufafi a tsakani, ya miƙa mata akala. Wani ya ce an yi mata yawa. Umar ya amsa masa da cewa shi yana tuna mahaifinta da ɗan'uwanta suna kewaye da wata ganuwa tsawon lokaci har aka ci ta, ga shi yau ana cin moriyar wahalarsu.

Ku gwada wannan da abin da aka yi wa kakanninmu. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka fito daga kurkukun Jamusawa suka nemi a biya su haƙƙinsu, sai aka buɗe musu wuta. Hukuma a lokacin ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi suna ganin adadin ya fi haka nesa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. A watan Disamba na 1959, ana gab da samun mulkin kai, aka yi doka a Faransa ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da za su fita daga hannunta. Na Bafaranshe yana hawa duk shekara, na abokinsa da suka zub da jini tare yana nan inda yake. Wani tsohon sarsan ɗan Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a watan Nuwamba 2001, amma ya rasu kafin hukuncin. An yi wani gyara a 2007, ba a daidaita duka ba sai daga Janairu 2011. Sama da shekara 50 ke nan. Mutum nawa suka rage a lokacin? Wanda ya jinkirta biyan haƙƙi har mai haƙƙin ya mutu, alhali yana da halin biya, zalunci ya yi, ko mutum ne ko gwamnati. Muna faɗin haka ne kuma da murya ɗaya ga kowace hukuma da ke riƙe da haƙƙin tsohon soja ko na matarsa, ta waje ko ta gida.

A nan ne aikin ya dawo kanmu. Sau da yawa haƙƙi yana nan a rubuce, amma takarda ta hana a kai gare shi. Mace ta gama takaba, littafin sojan mijinta yana cikin akwati gara na ci, takardar aure babu domin a masallaci aka ɗaura ba a kai wa hukuma ba, takardun haihuwar yara ba su cika ba, ita kuwa ba ta karanta Faransanci, ba ta taɓa zuwa Yamai ba. Abokan mijinta su suka san lambarsa da rundunarsa da shekarar da ya shiga, su ne shaidunta. Limamin da ya ɗaura auren ko wanda ya gaje shi, da waɗanda suka halarta, su ma shaidu ne, kuma ɓoye shaida zunubi ne da Alƙur'ani ya ambata a ƙarshen Suratul Baƙara. Saurayin da Allah ya ba ilimin boko, ya zauna ya cika mata takardu ba tare da ya yanki wani abu ba, ya yi sadaka da alƙalaminsa. Wanda kuwa ya karɓi takardun gwauruwa da sunan taimako ya riƙa cin rabin abin da ya fito, dukiyar marayu yake ci, wal'iyazu billahi.

Ku kuma 'ya'yan tsofaffin sojoji, zumuncin bai mutu da mutuwar mahaifinku ba. Abdullahi ɗan Umar (R.A) ya gamu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa, ya cire rawaninsa ya ba shi. Abokan tafiyarsa suka ce mutanen ƙauye kaɗan ma ya ishe su. Ya ce mahaifin wannan mutum masoyin Umar ne, kuma ya ji daga Annabi (S.A.W) cewa sada zumunci da masoyan uba yana daga mafi girman biyayya gare shi. Kun san sunayen da mahaifinku yake yawan ambata. Ku nemi gidajensu. In sun rasu, 'ya'yansu suna nan. Wanda kuma tsohonsa ke raye, ya zauna ya rubuta abin da yake faɗa, ko ya ɗauki muryarsa a waya, da sunayen garuruwa da na mutane, tun kafin a neme shi a rasa.

Kada wani ya zaci maganar ta tsofaffi ce kaɗai. Ranar 10 ga Disamba 2019 an kashe sojojin Nijar 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairu 2020 an kashe 89 a Shinagodar. Mutum 160 a cikin wata guda, galibinsu samari, kuma ba a kansu abin ya tsaya ba. Kowane ɗayansu ya bar uwa, da yawa sun bar mata da goyo, ya kuma bar abokan da suka tsira suna ɗauke da abin da suka gani. Hukuma tana da nata tsarin na shirun minti ɗaya da ajiye furanni, malamai sun yi maganganunsu a kai, ba kuma nan ne wurin buɗe wannan babi ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne mamaci yana amfana da addu'a da sadaka da biyan bashinsa, kuma Annabi (S.A.W) ya sanar da cewa wanda ya kula da iyalin mai fita yaƙi da alheri yana da rabo a ladan fitar, ya kuma tsananta gargaɗi ga wanda ya ha'ince shi a cikin iyalinsa. Babu wanda ya fi dacewa ya zauna da saurayin da ya dawo daga Tilaberi ko Difa ba ya iya barci kamar dattijon da ya san wannan dare tun shekaru 40 da suka wuce. Muna roƙon dattawan nan su faɗaɗa tabarmarsu, su jawo waɗannan yara.

Muna kuma kira ga limamai da kwamitocin masallatai na Tanda da kewaye, kowane masallaci ya san gidajen tsofaffin sojoji da na matan da aka bari a unguwarsa, a tuna da su lokacin fitar da zakkar hatsi da ta shinkafa da ranar rabon naman layya, a kai musu har gida cikin sutura ba tare da an kira sunansu a lasifika ba. In tsofaffin sun nemi wurin zama bayan la'asar, harabar masallaci ta fi musu bakin tasha, a shimfiɗa musu, a buɗe da addu'a ga waɗanda suka riga mu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a ƙasashen da danginsu ba su san kabarinsu ba, ya yafe wa waɗanda aka tilasta, ya karɓi tuban masu tuba, ya ba marasa lafiyarsu sauƙi, ya raya marayunsu a kan Musulunci, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.